Takalmi a Bakin Rami

Jakar ce ta riga isowa gida, mai jakar bai iso ba.

Dogo ne ya kawo ta, wanda suke kwana rumfa ɗaya da Auta a can mahaƙar zinare cikin hamada. Ya dire ta a bakin shagon ɗinki, ya ce wa Yaya an watse daga wurin gaba ɗaya, tankar ruwa ta daina zuwa, kowa ya kama gabansa. Auta kuwa yana motar baya, in ji shi. Yaya ta ce to, ta tura jakar ƙarƙashin teburin yanka da ƙafa, ta koma kan kekenta. Har ta gama tsara faɗan da za ta tarye shi da shi, don yaron nan wata da watanni ko gaisuwa bai aiko ba.

Motar baya ta zo. Ta bayanta ma ta zo. Auta shiru.

Ita dai kowa a layin Yaya yake ce mata, har waɗanda suka isa haifarta. Ita ta raini Auta tun yana rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma da baki ta raine shi, domin Allah ya hore mata bakin. Ba ta iya lallashi ba, ko abinci za ta ba ka sai ta haɗa maka da harara. Auta ya girma, ya yi gemu, ya fi ta tsawo, amma har yau in ta ɗaga murya sai ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Da farko ta ce yawon banza ya tsaya. Daga baya ta yi ta kiran wayarsa har ta haddace muryar matar da ke cewa a kashe take. Ranar da ta ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara taka keke, sai ta rufe shagon, ta ɗauki jakar, ta biya ta ɗauko Kawu, ƙanin mahaifiyarsu, suka nufi tasha. Tsoro take ji, kuma ita in tsoro ya kama ta faɗa yake zama.

A tasha aka nuna musu direban da ya taso da mota ta ƙarshe. Wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, yana kwance ƙarƙashin motarsa mai buɗaɗɗen baya yana ɗaure wani abu da waya. Ya fito yana share hannu, ya saurare ta har ta dire.

"Baiwar Allah, ni na rufe wurin nan," ya ce. "Da ƙafata na zagaya, na yi hon har na gaji. Ko kyanwa ban bari ba. Ƙaninki ya bi masu tafiya sabuwar mahaƙa ne. Yaran nan in suka ji ƙamshin zinare, gida ya zama labari."

"Ya bi su ya bar jakarsa?"

"Wasu ma wandonsu suke bari."

Kawu ya fara dariya, Yaya ta juyo ta dube shi, dariyar ta koma tari.

Kuskuren Direba ɗaya ne, da ya ce dama yana da niyyar komawa jibi ko gata ya kwaso wani janareta da aka bari. Yaya ta buɗe ƙofar motar ta shiga ta zauna, ta ɗora jakar a cinya. Ya yi magiya, ya yi barazana, ya kira 'yan tasha su ba ta baki, ta yi kunnen uwar shegu da su. A ƙarshe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ta bar shi ya cika jarkokin ruwa da na mai, da asuba su kama hanya. Ta ce ta ji, amma sai da ta zare makullin ta tafi da shi gida.

Gari na wayewa suka fita. Su uku a gaba, Kawu a tsakiya da gwiwoyinsa kusa da sandar giyar mota, Yaya a jikin ƙofa. Kwalta ta raka su har hantsi, sannan ta ƙare kamar an yanke ta da almakashi. Aka shiga tsakuwa, motar ta kama rawa, haƙoran Kawu biyun da suka rage suna gaisawa da juna. Bishiyoyi suka yi ta gajarcewa har suka zama ƙayoyi, ƙayoyin ma suka haƙura suka koma. Babu hanya, sai dai can za a hango tsohuwar taya an binne rabinta a tsaye, in an wuce ta Direba ya ƙanƙance ido yana neman ta gaba. Wani wurin duro ne mai tsatsa, wani wurin duwatsu aka jera. Yaya ta lura in alamar ta daɗe ba ta fito ba sai Direba ya daina magana.

Inda tsakuwa ta haɗu da yashi ya tsaya, ya fita ya tsuguna yana sace wa tayoyin iska ɗaya bayan ɗaya.

"Ikon Allah," in ji Kawu ta taga. "Mutane na neman mai faci ya ƙara musu, kai kana zubarwa."

"Baba, taya mai tauri wuƙa ce a yashi, yanka take ta nutse. In ta yi laushi sai ta baje kamar ƙafar raƙumi." Ya shigo ya ja ƙofa. "Daga nan kuma kowa ya riƙe fitsarinsa. A yashi ba a taka birki, ba a tsayawa sai a kan tauri. Mota in ta tsaya, zama take yi."

Suka shiga yashin, motar tana lilo, injin yana nishi. Direba ya sake, har yana ɗan waƙa a hanci, don shi a ransa janareta zai je ɗaukowa, rakiya kawai yake yi wa wata mata mai taurin kai. Kawu kuwa ba ya iya zama da baki a rufe.

"Ni fa wani abu ya ɗaure mini kai," ya ce. "An ce ramukan nan sun fi a ƙirga, kuma wasu sun yi zurfin rijiya biyu. Kai da ka ce ka zagaya, leƙa kowanne ka yi?"

"Wa zai leƙa? Ai sai a shekara. Takalmi ake dubawa."

"Takalmi?"

"Dokar wurin ke nan. Duk wanda zai shiga rami, sai ya tuɓe takalminsa ya jera a baki, ya danne da dutse. Ramin da ka ga takalmi, da mutum a ciki, ba a zuba ƙasa kusa, ba a janye igiya, ba a tafiya a bar shi. Ramin da babu, babu kowa. Ko ɓarawo ba ya taɓa takalmin bakin rami, sai dai ranar tashi, da ake wawaso, kowa na kwasar abin da idonsa ya gani. Shi ya sa mai motar ƙarshe yake zagayawa. Na bi layi layi, ko silifas ɗaya ban gani ba."

Yaya ta dubi jakar da ke cinyarta. Wani sanyi ne ya taso mata daga tafin ƙafa, a cikin wannan zafin.

Ta buɗe jakar tun ranar da aka kawo ta, ta san abin da ke ciki. Riguna biyu, tocila, buroshi, da wani abu a ƙasa an naɗe shi da tawul. Ta gan shi, ta yi tsaki, ta ce wato ya sami abin duniya ya sayi wani, nata ya zama na ajiya. Takalmi ne sau-ciki na fata, mai igiya, ita ta saya masa ranar da zai tafi. Ta tuna yadda ta fizge tsofaffin silifas ɗinsa ta cilla su kan bola don kar ma ya yi tunanin komawa gare su. Ta kuma tuna abin da ta ce masa, da yatsa a gaban hancinsa: in ka bari aka sace su, kar ka dawo mini gidan nan.

Ta zuge jakar, ta warware tawul ɗin, ta ɗaga takalman a gaban gilashi.

"Malam direba," ta ce, muryarta ba irin tata ba. "Ba shi da wasu."

Direba ya kalli takalman, ya kalli hanya, ya sake kallon takalman. Mutumin da ya gama yi musu wa'azin birki, shi ne ya taka shi har ƙasa. Motar ta yi gaba kaɗan, ta tsaya, ta zauna.

Injin ya mutu, sai ƙarar ƙarfe mai zafi yana ɗan ƙas ƙas.

"Ranar tashi," Direba ya ce a hankali, kamar da sitiyarin yake magana. "Ya ga ana wawaso, ya ɓoye su a jaka. Ya tafi rami da sanyin safiya ba takalmi, ya ce bari ya ɗan ƙara sara kafin a gama lodi. Dogo ya kwashi kayan rumfa ya jefa a mota." Ya shafa fuska. "Ni kuma na zo na wuce ta kansa."

"Kana ta hon bai ji ba?" in ji Kawu.

"Baba, a ƙasan can ko aradu ba ka ji."

Yaya ta so ta yi masa faɗa. Ta buɗe baki, faɗan da bai taɓa ƙin zuwa ba ya ƙi zuwa, domin ta rasa wanda za ta ɗora wa in ba kanta ba. Ta ce, "Tayar da motar."

Ya tayar, ya sa giya, tayoyin suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Ya kashe da sauri. Suka fito, rana tana tsakar ka. Ya sauko da shebur da wasu ƙarafa biyu masu faɗi da huji-huji, waɗanda ake shimfiɗa wa taya ta hau. Ya haƙa, Kawu ya karɓa ya yi uku ya zauna yana haki, Yaya ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta karɓe shebur ɗin. Yashin kuwa ka kwashe ya dawo, ka kwashe ya dawo. Garin turawa takalminta ɗaya ya zame, tafin ƙafarta ya sauka a kan yashin. Ta ɗauke shi da sauri kamar ta taka garwashi, ta tsaya da ƙafa ɗaya. Abin da Auta yake takawa ke nan tun ranar da aka bar shi.

"Akwai ruwa a can?" ta tambaya.

"Akwai duro-duro. Kowanne da ɗan abin da ya rage a gindi. In ya yi dabara ya tattara, zai kai shi kwanaki." Direba ya cusa ƙarfen ƙarƙashin taya, bai dube ta ba. "Ba ƙishirwa nake tsoro ba, Yaya. Wanda aka bari ba ya zama. Zuciya ce take ce masa bi sawun mota, ga shi nan a fili. Ya bi, iska ta share sawun, ya juya ya ga na baya ma babu. Waɗanda muka rasa duk a hanya muka rasa su, ba a sansani ba."

"To shi fa?"

"Shi ba takalmi. Ba zai yi taku ɗari a kan wannan ba. Wataƙila abin da ya sa aka bar shi, shi zai zaunar da shi."

Yaya ta riƙe wannan maganar da hannu biyu, don ba ta da wata.

Sai da suka shimfiɗa ƙarafan suka ciro, suka sake shimfiɗawa suka sake cirowa, motar tana tafiyar tsawon jikinta tana zama, kafin ta samu tauri ta hau. Rana ta riga ta karkata. Yaya ta ce ya taka, ya ce sauri ya haifi nawa, in lagireto ya tafasa su ma sai an zo nema. Haka ya riƙa tafiya, ba gudu ba tsayawa, idonsa ɗaya a kan allurar zafin inji. Waƙar hanci ta ƙare. Kawu ma ya koma addu'a, leɓɓansa kawai ke motsi.

Ta lura Direba ya daina kallon gaba kaɗai, yana waiga dama da hagu, yana bin ƙasa da ido. Ba ta tambaye shi abin da yake nema ba. Ita ma ta kama nema.

Can nesa, gefen hagu, wani baƙin abu yana kwance a kan farin yashi, tsawonsa tsawon mutum. Su uku suka gan shi tare. Direba ya karya kan mota ya nufi wurin. Abin yana ƙara girma, gefensa ɗaya yana ɗagawa yana sauka. Yaya ta ƙanƙame takalman a ƙirji har igiyar ta shata mata hannu, tana so ta rufe ido, idon ya ƙi. Da suka zo daf sai ga yagaggen tamfol ya sarƙe a jikin dutse, iska tana kaɗa shi. Kawu ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi. Direba ya zagaye shi bai tsaya ba, ya koma neman tayar alamar hanya da ya bari.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka hau wani tudu, sansanin ya bayyana a ƙasa. Yaya ta zaci za ta ga gari ko ƙauye. Abin da ta gani fili ne an huda shi ko'ina kamar rariya, kowane huji da tsibin ƙasa a gefensa. Tsakanin ramukan ga sandunan rumfuna tsirara, ga tsummokaran tamfol, ga murhun duwatsu da baƙin toka, gwangwanaye, matattun batura, wani injin niƙa dutse ya kife a gefe. Babu hayaƙi, babu tsuntsu, babu abin da ke motsi sai leda.

Direba ya ɗora hannu a kan hon ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ɗauke, suka saurara. Ya sake. Yaya ta fita tun motar ba ta gama tsayawa ba, tana kiran Auta da muryar da take tsayar da layi guda, muryar ta tafi ba ta dawo da komai ba.

Rumfarsa ba ta yi wuyar ganewa ba, domin labulen da ke bakinta ita ta haɗa shi da ƙyallayen shagonta. A ciki akwai kwali da aka shimfiɗa, da alamar kwanciyar mutum. A bayan rumfar duro-duro ne a kife, an gangaro da su wuri ɗaya, an tsiyaye. Direba ya bi su yana ƙwanƙwasawa, kowanne ya amsa da muryar wofi.

"Ya tattara ruwan," ya ce. "Yaron yana da hankali."

Sai Kawu ya kira su daga gefen injin niƙa, da wata murya ƙasa-ƙasa. Tsohuwar taya ce a yashe, da wuƙa a kusa. A jikin tayar an yanke wuri biyu, an fitar da su tsaf, kowanne da siffar tafin ƙafa, dama da hagu.

Direba ya tsuguna ya shafa yankan da yatsa, ya daɗe a tsugune.

"Ya yi takalmi," ya ce. "Ya tafi."

Yaya ta zauna a kan injin. Maganar da ta riƙo tun tsakar rana da hannu biyu, ga ta an yanke ta da wuƙa.

"Ku tashi," in ji Direba, ya miƙe yana kallon rana. "Haske ya kusa ƙarewa. Zan yi ta zagaya wurin ina faɗaɗawa, ko Allah zai sa mu ga sawu. Man da ke gare mu ba zai yi zagaye da yawa ba, in muka ɓata hasken nan a nan, shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya san hamada, ita ba ta san ta ba. Ta miƙe har ta kama ƙofar mota. Sai ta tsaya. Hamada ce ba ta sani ba, amma Auta ta san shi. Yana ɗan shekara biyar ya taɓa ɓace mata a kasuwa, ta same shi bayan ta zagaye duniya, ta kama kunnensa ta ce daga yau in ka ɓata, ka tsaya inda kake, ni zan zo. Bayan nan ya sake ɓata a tashar jirgin ƙasa, ta tarar da shi a tsaye a wuri ɗaya, fitsari ya matse shi yana kuka, ya ƙi matsawa ko taku ɗaya. Yaron da ya shiga rami ba takalmi saboda maganarta, shi ne zai karya waccan?

"Bai tafi ba," ta ce.

"Yaya, ga taya kina gani."

"Na gani. Ka duba ramukan."

"Na ce miki haske..."

"Ka duba su yadda ka saba dubawa. Wancan karon ba shi da abin ajiyewa a bakin rami."

Direba ya dube ta, ya dubi tayar. Ya nuna wani dutse a yamma ya ce in rana ta taɓa kansa, zai tayar da mota, da ita ko ba ita. Suka rabu uku. Ya gargaɗe su kar su taka bakin rami, ƙasar tana zabtarewa.

Ta bi layin farko, tana ratsa tsibin ƙasa, takalman Auta a rataye a wuyanta da igiyarsu. Rami, babu komai. Rami, gwangwani. Rami, guntun igiya. Kowanne baƙi ƙirin, yana huro wani sanyi mai warin ƙasa. Tana tafiya tana satar kallon dutsen, rana kuwa kamar ana janyo ta. In ta yi kuskure fa? In yana can cikin yashi yanzu, yana jan ƙafa, ita ta tsare motar da za ta cece shi saboda taurin kanta? Bakinta ya riga ya jefa shi rami sau ɗaya. Ta ji kamar ta ƙwala wa Direba kira ta ce su tafi, ta haɗiye, ta shiga layi na gaba.

Gindin rana ya taɓa dutsen. Ta ji an buɗe ƙofar mota a can baya, ta ji Kawu yana kiran ta. Saura ramuka kaɗan a ƙarshen layin, wajen da tudu ya yi inuwa. Ta ƙara sauri, tana tuntuɓe.

A bakin na kusa da ƙarshe ta gan su. Baƙaƙen roba biyu, dama da hagu, an jera su kai ɗaya, an danne da dutse. Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya ta juya. Ba huji, ba maɗauri, babu inda ƙafa za ta kama. Wannan ba a yanke shi don a taka ba.

Ta kwanta rub da ciki ta leƙa duhun.

"Auta."

Shiru. Ta ji bugun zuciyarta a jikin ƙasa.

"Auta, ni ce. In kana ji na ka amsa, tun ban sauko na same ka ba."

Shirun ya yi tsawo har ta fara jin jiri. Sannan daga can ƙasa, nesa ƙwarai, wani abu ya taɓa gwangwani. Ƙwas. Aka daɗe. Ƙwas.

Ba ta san da wace murya ta kira su ba. Direba ya kawo motar da baya a hankali har inda ƙasa za ta iya ɗauka, ya ɗaura igiya a ƙarfen bayanta, ya rataya jarkar ruwa ƙarama da tocila. Ya zo bakin ramin har ya zura ƙafa ɗaya, sai ya dawo da ita, ya tuɓe takalminsa ya jera kusa da robobin nan, ya danne da dutse, sannan ya sauka.

Daga baya ne suka ji yadda aka yi. Da rana Auta yakan sauka ramin ya fake wa zafi da ɗan ruwansa, da yamma ya hauro ta matakan da aka sassaƙa a bango ya duba ko an zo. Jiya ruwan ya ƙare, yau ya nemi haurowa ƙafa da hannu suka ƙi.

Da igiya aka jawo shi, Kawu da Yaya suna ja, Direba yana turowa daga ƙasa. Ya fito fari fat da ƙura, leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. Tafin ƙafafunsa kuwa Yaya kallo ɗaya ta yi musu ta kau da kai, duk sun kumbura sun fashe. Ta ɗora kansa a cinyarta, tana jiƙa bakin mayafinta tana matsa masa a baki kaɗan kaɗan, yadda Direba ya ce, kar a ba shi da yawa lokaci ɗaya. Duk faɗan da ta tsara tun daga shago, ko kalma ɗaya ba ta samu ba.

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta kafin ya gane ta. Leɓɓansa suka motsa, ta sunkuyo da kunnenta.

"Yaya," ya ce, da ƙyar ake ji. "Ba a sace su ba. Suna cikin jaka."

Takalman suna lilo a wuyanta, daf da fuskarsa, bai ma lura ba. Yaya ta ciro su ta ajiye a ƙasa. Kawu ya juya baya yana gyaran murya, Direba ya tafi duba tayar da ba abin da ya same ta. Ita kuwa ta kifa fuskarta a kan ƙurar gashinsa ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka bar mata shi yana rarrafe.